Jagorar Neman Kiɗan Rok da na Na'ura Kyauta a Intanet, Daga Yamai

Duk wanda ya saba zaman fada a Yamai ya san cewa waƙa ba ta jiran kanti kafin ta yaɗu, domin tana tafiya ne daga salula zuwa salula ta Bluetooth ko Xender, ko kuwa a cikin katin memori da masu turi suka cika a kasuwa. Ta wannan hanya ce waƙoƙin da Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, ya ɗauka a Sakkwato a shekarar 2008 suka ratsa Sahara, har ɗaya daga cikinsu ta shiga kundin da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara daga wayoyin mutanen yankinmu ya fitar a 2011. Sai dai wannan hanya tana da iyaka, tun da ba ta kawo maka sai abin da maƙwabcinka ya riga ya mallaka, kuma sau da yawa fayil ɗin yana zuwa ba sunan mawaƙi, sautinsa ya shaƙe saboda yawan matsewa. A gefe guda kuma akwai ɗimbin makaɗa masu zaman kansu a duniya, masu jita da ganguna da masu haɗa sauti a kwamfuta, waɗanda suka ajiye ayyukansu a intanet da hannunsu suka ce duk mai so ya sauke ba tare da ya biya ko dala ba. Wannan jagora ta shafi yadda za ka same su, ka sauke da forfe kaɗan, kuma ka san abin da aka halatta maka ka yi da abin da ka sauke.

Mataki na farko: tabbatar mai waƙar ne ya bayar

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, ka tambayi kanka wanda ya ɗora waƙar. Idan mawaƙin ne ko kamfanin da ke fitar da waƙoƙinsa, to kyauta ce ta gaskiya. Idan kuwa wani shafi ne mai tarin sabbin waƙoƙin manyan taurari, cike da tallace-tallace masu buɗe kansu, to kayan wani ne ake rabawa ba da izninsa ba, kuma a irin waɗannan shafuka ne ake miƙo wa mutum fayil mai ƙarewa da .apk ko .exe a madadin .mp3, ko a nemi lambar wayarsa a shigar da shi wani tsari da zai riƙa cinye masa kuɗin kira. Waƙa ba ta buƙatar a girka wata manhaja daga shafin da aka sauke ta kafin a ji ta, saboda haka da zarar an nemi haka ka rufe shafin.

Bayar da waƙa kyauta tsohuwar al'ada ce a tsakanin makaɗan rok da na na'ura, kuma har manya sun shiga cikinta. A watan Oktoba na 2007 ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta fitar da kundinta ta bar wa kowa ya yanke farashin da zai biya, ko da sifiri ne, sannan a 2008 Nine Inch Nails ta Amurka ta saki kundin The Slip kyauta ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Wannan lasisi shi ne abin da ya fi cancanta ka fahimta a duk wannan sha'ani. Cibiyar Creative Commons an kafa ta a 2001 a Amurka, ta fitar da lasisinta na farko a watan Disamba na 2002, kuma manufarta ita ce mai fasaha ya faɗi tun da wuri abin da ya yarje, ba sai an rubuta masa wasiƙa ba. Sharuɗɗan huɗu ne, ana rubuta su da haruffa biyu-biyu. BY na nufin dole ka ambaci sunan mai aikin duk inda ka yi amfani da shi. NC na nufin ba a yarda a nemi kuɗi da shi ba. ND na nufin ka raba shi yadda yake, kada ka sauya shi. SA kuwa na nufin idan ka gina wani abu a kansa, naka ma ka sake shi da irin wannan lasisi. Akwai kuma CC0, inda mai aikin ya saki haƙƙinsa iya yadda doka ta ba shi dama.

Ga mai saurare a ɗakinsa duk waɗannan ba su hana komai, amma da yawa cikin masu neman irin wannan kiɗa a Yamai suna da wata bukata a bayansa, kuma a nan ne ake yin tuntuɓe. Mai haɗa bidiyon biki ko ɗan gajeren fim ya sani cewa a ƙa'idar Creative Commons, ɗora waƙa a ƙarƙashin hoto mai motsi sauya aiki ne, don haka waƙar da ke ɗauke da ND ba ta shiga bidiyon da za a watsa, ko da ba a yanke mata daƙiƙa ɗaya ba. Mai haɗa tallar shago, da mai turi da ke karɓar kuɗi kan kowace waƙa, su nisanci NC, su nemi BY ko BY-SA ko CC0. Haka kuma waƙar da aka ba ka kyauta ba lalle ba ne tana da wannan lasisi, domin mawaƙi yana iya barin ka sauke don kanka amma ya riƙe sauran haƙƙoƙinsa duka.

Mataki na biyu: lissafa megarka

Nauyin fayil ya danganta da irin matsewar da aka yi masa, kuma lissafin ba shi da wuya. MP3 mai lamba 128 yana cin kusan mega 1 a kowane minti, mai lamba 320 yana cin mega 2.4, WAV kuwa ya haura mega 10 a minti. Kundi mai tsawon minti 40 ke nan zai kai mega 96 a MP3 320, ya wuce mega 400 a WAV, FLAC kuma yakan tsaya wajen rabi ko kashi biyu cikin uku na nauyin WAV ba tare da ya zubar da komai na sautin ba. Shawarata ga mai saurare da salula da ƴan abin sawa a kunne ita ce ya zaɓi MP3 V0, wanda ke ƙara nauyi inda kiɗan ya yi kauri ya rage inda ya yi sauƙi, ya fi 320 sauƙin nauyi, kuma da wuya kunne ya rarrabe su. FLAC na mai manyan lasifikoki ne ko mai shirin yanka sautin ya yi aiki da shi. Ka duba ko kamfanin layinka, Airtel ne ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms, yana da forfen dare mai rahusa, ko ka tara jerin abin da kake so ka sauke su gaba ɗaya ranar da ka samu wifi. Ka tabbatar batir ya cika kafin ka fara babban fayil, saboda idan kuran ya ɗauke salula ta mutu a tsakiya, sau da yawa sai an sake daga farko.

Ka girka VLC, manhaja ce ta kyauta marar talla wadda ɗalibai suka faro a Faransa, tana karanta MP3 da FLAC da Ogg duka. Ka kuma tanadi abin warware fayil ɗin ZIP, wato fayiloli da yawa a dunƙule cikin guda, aikin da manhajar Files ta Google take yi a Android.

Mataki na uku: fara da Bandcamp

Bandcamp, wanda aka buɗe a 2008, shi ne babbar kasuwar makaɗa masu zaman kansu, kuma da shi ya kamata sabon shiga ya fara, saboda yawanci mawaƙin ko kamfaninsa ne ke riƙe da shafin. Yawancin kundaye ana iya sauraronsu kafin a yanke shawara. A ƙarƙashin sunan kundi za ka ga ɗaya daga abu uku: farashi tsayayye, ko rubutun "Free Download", ko kuma "name your price", wato faɗi naka farashin. Wannan na ƙarshe shi ne mutane da yawa suke wucewa suna zaton sai da kuɗi. Ka danna inda aka rubuta sayen kundin, ka sa 0 a gurbin kuɗi, sai mahaɗin saukewa ya bayyana. Idan an rubuta wani adadi tare da "or more", to akwai mafi ƙarancin farashi, sifiri ba zai shiga ba. Wasu makaɗan sukan nemi adireshin imel kafin su aiko da mahaɗin, kuma wannan ciniki ne na adalci, domin abin da suke so shi ne su sanar da kai ranar da suka fitar da sabon aiki.

Ka yi wannan aiki a cikin Chrome ko Firefox, domin manhajar Bandcamp ta salula an gina ta ne don sauraro a cikinta. A shafin saukewa ka zaɓi MP3 V0, ka jira a shirya fayil ɗin, kundin zai sauko a dunƙule cikin ZIP tare da hoton bangonsa, sai ka warware shi. Kafin ka bar shafin kundin ka gangara ƙasa, inda aka rubuta "all rights reserved" ko "some rights reserved". Na biyun yana ɗauke da mahaɗi zuwa lasisin Creative Commons da mawaƙin ya zaɓa, na farkon kuwa yana nufin sauraron kanka kawai aka ba ka. Wani abin lura shi ne Bandcamp yana ƙayyade wa mawaƙi adadin saukewar kyauta da zai iya bayarwa a wata, saboda haka kundin da ka gani kyauta yau yana iya komawa na kuɗi idan rabon ya ƙare, ya dawo daga baya.

Mataki na huɗu: shiga rumbun Internet Archive

Internet Archive ɗakin karatu ne na intanet wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996 a San Francisco, ba na neman riba ba, kuma ba ya neman asusu kafin ka sauke waƙa. Sassa biyu ne suka shafe mu. Na farko shi ne Netlabels, inda ƙananan kamfanonin waƙa na intanet suka ajiye kundayensu. Waɗannan kamfanoni sun samo asali ne tun shekarun 1990 daga matasan da ke haɗa kiɗa a kwamfutocin gida suna musayarsa, ba su buga faifai, ba su sayar da komai, aikinsu shi ne su tace abin da ake aiko musu su fitar da wanda ya cancanta da lamba da bango kamar kowane kamfani. Monotonik da Kahvi Collective da Thinner na Jamus suna cikin tsofaffin da suka yi suna, kuma mai son kiɗan na'ura zai iya shafe watanni a cikin abin da suka bari. Na biyun shi ne Live Music Archive, taskar wasannin da aka ɗauka kai tsaye daga dandali, na ƙungiyoyin da suka yarda masu kallo su naɗi wasansu su raba ba don kuɗi ba. Ƙungiyar Grateful Dead ce ta fi shahara da wannan al'ada, kodayake nata da aka ɗauka daga na'urar haɗa sauti ana saurarensu ne kawai a shafin, waɗanda ƴan kallo suka naɗa su ake saukewa.

A kowane shafi akwai jerin nau'o'in fayil a ƙarƙashin "Download Options". Ka zaɓi VBR MP3, kuma kana iya ɗaukar waƙa ɗaya tak ka gwada maimakon kundin duka, abin da ke ceton mega sosai. Sai dai tun da kowa yana iya ɗora abu a wannan rumbu, ka duba cewa kundin yana cikin tarin wani kamfani sananne kuma an nuna lasisinsa.

Mataki na biyar: sauran rumbuna

Free Music Archive gidan rediyon WFMU na jihar New Jersey ne ya buɗe shi a 2009, daga baya ya koma hannun kamfanin Tribe of Noise na ƙasar Holan a 2019, kuma amfaninsa shi ne ana iya tace bincike da nau'in kiɗa da kuma nau'in lasisi, wanda ya sa ya fi dacewa da mai neman sautin bidiyo. Jamendo na ƙasar Luksamburg da Dogmazic na wata ƙungiya a Faransa suna da shafuka da Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa mafi yawanmu. A SoundCloud kuwa, maɓallin saukewa yana fitowa ne kawai idan mawaƙin ya buɗe shi, kuma idan bai buɗe ba, amsarsa ke nan. Shafukan da ke zaro sauti daga YouTube ba na ba da shawararsu, saboda sun saɓa wa ƙa'idar YouTube ɗin, sannan sautin da suke bayarwa an matse shi sau biyu, kuma rubuta 320 a kan irin wannan fayil ba ya dawo da abin da ya riga ya zube.

Mataki na shida: koyi bin sawu

Wannan shi ne ainihin gwanintar, domin saukewa kowa yana iya koyonta a yini guda, amma gano abin da ya cancanci saukewa yana son haƙuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "rock" ko "electronic" a gurbin bincike, sai dubban sakamako su zubo, mutum ya saurari goma marasa daɗi ya yanke cewa kayan kyauta ba su da inganci. Neman waƙa kamar bin sawun raƙumi ne a rairayi, daga inda ka ga tafin farko kake farawa. Ka fara da mawaƙin da ka riga ka sani kuma kake so, misali Bombino ko Etran de L'Aïr na Agadas, ko Les Filles de Illighadad na yankin Abalak, ko Tal National na nan Yamai, ka buɗe shafin kundinsa a Bandcamp ko da na kuɗi ne, ka gangara ƙasa inda aka jera kalmomin da aka yi masa alama da su. Kowace kalma ƙofa ce zuwa sauran kundaye masu ɗauke da ita, kuma a cikinsu akwai sunan gari, saboda haka kana iya ganin abin da ake bugawa a Bamako ko Kampala ko Lisbon.

Ga mai son jitar Abzinawa, kalmomin "desert blues" da "psychedelic rock" da "garage rock" za su kai shi ga makaɗan da ke son maimaita zagaye ɗaya har ya yi zafi, kamar yadda ake yi a wasan biki. "Post-rock" dogon kiɗa ne da yawanci ba a waƙa a cikinsa, yana farawa a hankali ya yi ta hawa, kuma rashin kalmomi ya sa ba ruwan mai saurare da Turanci. A ɓangaren na'ura, "ambient" sauti ne mai laushi marar ganga wanda ya dace da karatu, "techno" da "house" na rawa ne masu bugu huɗu a jere, "dub" mai nauyin bas ne da amsa-kuwwa, "chiptune" kuma da sautin tsofaffin na'urorin wasa ake yinsa. Kada kowa ya ɗauka kiɗan na'ura baƙo ne a ƙasar nan, domin Mamman Sani ya naɗi kasset ɗinsa na organ na lantarki, wato abin kiɗa mai madannai, a Yamai tun 1978, aka yi shekaru ana jin sautinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, kafin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, kuma Hama, shi ma ɗan Yamai, yana juya karin jitar Sahara zuwa sautin na'ura. Shafukan waɗannan biyu wuri ne mai kyau na soma bin sawu.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko, ita ce bin kamfani maimakon bin mawaƙi. Idan kundi ya burge ka, ka duba wanda ya fitar da shi ka buɗe sauran kayansa, saboda ƙaramin kamfani yawanci kunnen mutum ɗaya ne ko biyu, kuma idan kunnenku ya zo ɗaya sau ɗaya, da alama zai sake zuwa. Irin waɗannan kamfanoni sukan fitar da kundin gwaji na kyauta mai ɗauke da waƙa ɗaya daga kowane mawaƙinsu, wanda ake samu da kalmar "sampler" ko "compilation", kuma da mega 100 kana iya sanin makaɗa goma sha biyar. Hanya ta uku ita ce ƙananan hotunan da ke ƙarƙashin bangon kundi a Bandcamp, na mutanen da suka saye shi. Danna ɗaya zai nuna maka duk abin da wannan mutum ya tara, wato zaɓin wanda ya sa kuɗinsa, wanda ya fi na'urar da ke hasashen abin da za ka so. Ka saurari waƙa ta farko da wata daga tsakiya kafin ka sauke, kuma kada ka yanke wa dogon kiɗa hukunci a daƙiƙa talatin na farko, tun da wasu sai bayan minti uku suke buɗewa.

Mataki na bakwai: tsara ka adana

Ka buɗe jaka ɗaya ta kiɗa, a cikinta kowane mawaƙi da tasa, kowane kundi da tasa tare da shekararsa. Kada ka goge sunan mawaƙi daga fayil. A cikin jakar kowane kundi ka ajiye ɗan rubutu mai ɗauke da adireshin shafin da ka samo shi da nau'in lasisinsa, ko ka ɗauki hoton allon, domin ranar da za ka so sa waƙar a bidiyo ba za ka tuna ba, kuma shafuka suna ɓacewa. Mai kwamfuta yana iya amfani da manhajar MusicBrainz Picard wajen gyara sunayen da suka rikice. Game da katin memori, akwai na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil har ya wuce iyakarsa ta gaskiya sannan abin da ke ciki ya fara lalacewa, saboda haka ka cika sabon kati da kayan gwaji ka tabbatar duka suna buɗewa kafin ka amince masa. Ka riƙe kwafi na biyu a kwamfuta ko wani kati daban, nesa da zafin rana da ƙura.

Mataki na takwas: rabawa da sakayya

Duk waƙar da ke ƙarƙashin Creative Commons, ko wace iri ce, an yarda ka tura wa abokinka ta Xender ko WhatsApp muddin ba kuɗi a ciki kuma sunan mai ita yana tare da ita. Wadda aka rubuta wa "all rights reserved" kuwa, ka aika masa mahaɗin ya sauke da kansa, wanda hakan ma yana nuna wa mawaƙin cewa ana jinsa a Nijar. Bandcamp yana karɓar katin banki ko PayPal, abin da da yawa cikinmu ba su da shi, don haka sa sifiri inda mawaƙi ya yarda ba abin kunya ba ne. Amma a shafin akwai wurin aika masa saƙo, kuma layi biyu da Faransanci ko Turanci da ke cewa ana sauraronsa a Yamai suna da daraja ga mutumin da ya naɗi kundi a ɗakin kwanansa.

Makaɗanmu na gida kuwa lamarinsu daban ne, kuma ina so a riƙe wannan da muhimmanci. Yawancin kundayensu a Bandcamp na kuɗi ne, domin da su suke ciyar da iyali, kuma ko jerin da Sahel Sounds ya fitar wata-wata a 2020, na waƙoƙin da aka naɗa da salula aka aika ta WhatsApp, an tsara shi ne don kuɗin ya koma ga makaɗan. Mutumin Yamai ko Tahoua yana da damar da mai saurare a Turai ba shi da ita, wato ya je wasansu ya biya kuɗin shiga, ya yi musu liƙi, ko ya gayyace su biki ya biya su yadda ya kamata. Mai gidan rediyo ko wurin shaƙatawa da ke son sa waƙoƙinsu a bainar jama'a kuma ya tuntuɓi hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, wato BNDA, a nan Yamai, domin ita ke karɓar kuɗin irin wannan amfani ta raba wa mambobinta.